Takardun da Na Share a Accra

Tun da na dawo, duk wanda ya tsaya sayen ƙosai sai ya ce, "Gwaggo Asabe, yaya Gana?" Wasu hanya suke tambaya, wasu abinci, wasu yarinyar. Na gaji da maimaitawa man suya yana ƙonewa. Ban yi boko ba, saboda haka na zaunar da maƙwabciyata Malama Rifkatu, ina faɗa tana rubutawa. Na ce mata kada ta ƙara gishiri.

Yarinyar ita ce jikata Na'ima, shekararta goma sha ɗaya. Uwarta Zainabu ce kaɗai ta rayu cikin waɗanda na haifa. Ta rasu Na'ima tana da shekara biyu, tun daga ranar yarinyar take ɗakina a Unguwar Shanu. Ubanta ya tafi Accra neman abinci, ya buɗe shagon kayan waya, ya yi aure a can. Yana aiko da saƙo, ban taɓa cewa ba ya aikowa ba. Bana da ta gama firamare, sai yayansa ya zo har gida, ya zauna a tabarma ya daɗe yana gaisuwa. Ya ce uban yana son a kai masa 'yarsa hutu, zai kai ta wani babban wurin wasan yara su kwana uku, ni ma in zo. Sannan ya kalli ƙasa ya ce idan wuri ya yi wa yarinyar, uban yana so ta zauna ta yi sakandare a can.

Na ce na ji. 'Yarsa ce. Amma na san abin da tafiyar take nufi: ko in dawo da ita, ko in dawo ni kaɗai.

Malama Rifkatu malamar firamare ce, shekara goma sha biyar katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ana gobe za mu tashi ta shigo da littafi mai kauri, da kwalbar gam, da leda mai zif.

"Na'ima, zo nan. Duk takardar da ta shiga hannunki a hanya, ki adana. Tikiti, rasit, taswira, ko takardar alewa ce in ba irin tamu ba ce. Kowane gari ki sami mutum ɗaya ya rubuta miki gaisuwa da yarensu. Abincin da ba ki taɓa ci ba, ki zana shi kafin ki ci. In kun je wurin wasan, kowane lilo ki sa masa suna da Hausa, ki ba shi maki."

Na ce, "Malama, shara kike koya mata tarawa?"

Ta ce, "Gwaggo, ke dai ki kai ta."

Ni ba na ajiye kaya. Da can a ƙetaren kogi muke zaune, aka yi rikici aka ƙona gidan, na fito da zani ɗaya da Zainabu goye a baya. Tun daga nan abin da ba zan iya ɗauka da hannu ɗaya in yi gudu ba, ba na ba shi wuri a ɗakina. Jakata ta tafiyar nan zani uku ne, da buta, da dambun nama.

Mun hau doguwar bas a tashar Mando, nan Kaduna. Kafin mu kai Lokoja wani ya ɗora buhun albasa a kan jakar Na'ima, kwalbar gam ta fashe. Littafin ya manne ya zama kamar bulo. Ta yi kuka har aka tsaya cin abinci. Matar da ke kusa da mu, wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, ta ce da gurɓatacciyar Hausa, "Yarinya, kuka me? Kawo tikiti." Ta juya bayan tikitin motar ta rubuta mata gaisuwar Yarabanci, ta sa sunanta. Daga nan duk rubutun da aka yi mata a bayan takardu aka yi, tana zubawa a ledar nan.

A Legas ɗan unguwarmu da ke sayar da tumatir ya tare mu, ya sa mu a ƙaramar mota mai zuwa Accra. Garin ba ni da abin cewa a kansa. Kowa yana ihu, amma ba faɗa ake ba.

Iyaka uku muka ƙetare a yini ɗaya. A ta farko aka sauke mu duka. Jami'in ya karɓi fasfo da katin allura mai ruwan ɗorawa da wasiƙar uban, ya dube ni ya dubi yarinyar, ya yi Turanci. Na ce ba na ji. Ya ja ta gefe yana yi mata tambayoyi. Na tsaya inda nake, hannuna a ƙugu. Can na ga yana dariya yana rubutu.

"Me ya ce?"

"Ya tambaye ni wace ce ke, ko kin sato ni. Na ce ke ce kakata, kuma ba ki da haƙurin satar yaro, kwana ɗaya za ki mayar."

"Rubutun fa?"

"Gaisuwar garinsu. Har ya buga min hatimi a jikin takardar."

A Kwatano 'yan acaɓa duk riga ɗaya suke sawa. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa yana yanka dasashi. Na'ima ta zana shi a bayan rasit, ni na jiƙa nawa a ruwa. A Lome na ga teku. Ruwa ne, ya dai fi kogin Kaduna. Direba ya ce mu mayar da agogo baya da awa ɗaya. Na ce ni rana nake dubawa, ba ta koma baya ba.

Baban Na'ima yana jira a tasha. Ya yi ƙiba. Ya cire takalmi ya tsuguna a tsakiyar mutane ya gaishe ni, na kawar da kai na amsa, kamar yadda ake yi da suruki. Na'ima ta tsaya a bayana tana leƙensa. Ya ce, "Na'ima, ba za ki zo ba?" Na tura ta da gwiwa.

Gidansa a Nima yake, unguwar Hausawa da sauran Musulmi. Matarsa sunanta Adiza, haifaffiyar can. Hausarsu tana fita, sai dai an yanke mata gefe-gefe. Ta kira ni "Mma", ta kawo ruwan wanka da kanta, ba ta aiko kowa ba. Na tafi da niyyar in ga aibinta. Na duba, ban samu da yawa ba. Tana yawan magana, shi ke nan.

Abincinsu shinkafa da wake ne da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, a zuba taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji duk a ganye ɗaya. Akwai dokunu, tuwon masara mai tsami da ake ci da soyayyen kifi. Da safe suna sayar da koko da ƙosai, har kokon suna ce masa kokon Hausa. Na saya na ɗanɗana. Waken bai sha bugu ba, kuma suna tsoron albasa. Na gaya wa mai suyar, ta ce in zo in nuna mata. Na ce hutu na zo.

Ranar Asabar muka wuce wata unguwa, an kafa rumfuna, ana kiɗa, mata sun sha ado ja da baƙi suna rawa, ga hoton wani dattijo ƙato a bango. Na tsaya na ce wa wata mata Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Adiza ta fizge ni.

"Mma, jana'iza ce!"

"Gawar tana ina?"

"Tana asibiti a ƙanƙara tun watanni. Yau za a kai shi."

Mu in mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Kowa da yadda yake sallamar nasa. Na'ima ta roƙi takardar da ake rabawa mai hoton mamacin, ta sa a ledarta.

Wurin wasan yana bayan gari, tafiyar kusan awa biyu. Masaukin yana jikinsa. Ɗaki biyu uban ya kama, ni da Na'ima ɗaya, shi da matarsa ɗaya. Ƙofar ba ta da makulli, kati ake gogawa. Sanyin ɗakin ya fi na firjin mai sayar da ƙanƙara, na sa aka kashe na'urar sanyin. Katifar tana haɗiye mutum, sai na shimfiɗa zani a ƙasa.

A bakin shiga aka ɗaura wa kowa wata munduwar roba a wuyan hannu, aka matse. Ba wanda ya yi min bayani. Ciki kuwa duk abin da mutum mai hankali yake gudu, shi ake bin layi a yi. A ɗaga ka sama a sako ka. A juya ka har ka yi amai. A sa ka a ƙaramar mota ka yi ta karo da mutane da gangan. Akwai ɗakin madubai da na ga kaina gajeriya kamar turmi. Akwai ƙarti da aka sa wa kayan zaki da na zomo suna rungumar yara. Ɗaya ya nufo ni da hannu a buɗe, na ɗaga buta. Ya koma.

Na'ima ta yi aikin da Malama ta ba ta. Babbar tayar da ke zagawa da mutane sama ta sa mata suna Rariya, ta ba ta shida. Motocin karo ta ce 'Yan Kawo, takwas. Jirgin da ke hawa can sama ya kifa da mutane ya dawo, ta sa masa Innalillahi, goma cif. Ita da ubanta suka hau, ni ina ƙasa riƙe da jakunkuna. Da suka sauko tana riƙe da hannunsa. Na gani.

Azahar ta yi, na je alwala. Munduwar ta kama hannu, ruwa ba ya shiga ƙarƙashinta yadda hankalina zai kwanta. Ina da reza a ƙulle a bakin zani, na yanke ta. Na fita waje inda na ga inuwa na yi salla. Da na dawo mai tsaron ƙofa ya nuna hannuna ya tare hanya. Na nuna masa guntun robar, ya girgiza kai. Na yi Hausa, ya yi Turanci, muka yi ta yi har Baban Na'ima ya fito nemana. Ashe robar nan ita ce tikitin kwana ukun. Ya daɗe a ofis kafin aka ɗaura min wata. Wannan karon na sa suka bar mata sarari.

Na'ima ta karɓi yankakkiyar. "Wannan ma tarihi ne, Inna."

"Tarihin me?"

"Ranar da aka kore ki daga wurin wasan yara."

Da yamma Adiza ta fito da sabon littafi da gam da ta saya mata. Suka zauna a bakin gado, Na'ima tana zaro takardu tana ba ta labarin kowace. Adiza tana ta cewa, "Kai! Wannan fa?" Ni ba ta taɓa nuna min su haka ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba.

Washegari da safe uban ya ƙwanƙwasa ya ce su je karin kumallo. Na ce su tafi, zan ci dambuna. Ni tun ina yarinya ba na fara komai da safe sai na yi shara. Na sami ɗan tsintsiyar roba a bayan ƙofa. Tsakar ɗakin cike da takardu, wasu a yamutse, wasu da maiƙo. Ashe da sassafe ta jera su a ƙasa bi da bi, daga Mando har wurin wasan, tana jira ta dawo ta manna. Ni ban ga jeri ba, takardu na gani a ƙasa. Na ga sabon littafin a kan gado, na ɗauka abin da take so ta riga ta sa a ciki, wannan ragowa ne. Ban buɗe littafin na duba ba. Na tattara duka na zuba a kwando. Babbar taswirar wurin kuma na naɗe sauran dambu da ita, don takardar tana da kyau. Mai gyaran ɗaki ta zo wucewa da kekenta, na miƙa mata kwandon.

Na'ima ta shigo, ta tsaya a ƙofa.

"Inna, ina takarduna?"

"Na ƙasa? Na share."

Ba ta yi ihu ba. Ta duba ƙarƙashin gado, ta duba kwandon, ta ga taswirarta da mai ya huda. Ta zauna a ƙasa.

Na ce, "Takarda ce. Yau ma za a ba ki wasu."

"Matar cikin mota za ta dawo ta sake rubutawa? Mai hatimi zai dawo?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Ke ba ki ajiye komai. Kowa a ajinmu yana da hoton mamarsa. Ni ko ɗankwalinta ba ki bar min ba."

Gaskiya ta faɗa. Ranar sadakar bakwai na rabar da kayan Zainabu duka, har kwanukan aurenta. Hotunan na ba yayan mijin na ce ya tafi da su. Ba na iya kwana da su a ɗaki. Ban taɓa gaya wa yarinyar dalili ba, ranar ma ban gaya mata ba.

Na fita neman mai gyaran ɗaki. Na same ta a hawa na ƙasa. Ba ta jin Hausa, na kama kwando na nuna zubarwa, na nuna idona. Ta gane. Ta kai ni bayan kicin inda ake tara shara cikin manyan durom. An yi yayyafi, kuma an riga an juye ragowar abincin safe a kai. Na ɗaure zani na shiga da hannu. Matar ta tsaya kallo, can ta ajiye tsintsiyarta ta kama min. Wani mai dafa abinci ya leƙo yana dariya, ta yi masa tsawa da yarensu ya koma. Muka fito da guda biyar. Takardar jana'iza, da zanen burodi, da rasit biyu, da yankakkiyar munduwata. Tikitin Mando da mai hatimi ba mu gan su ba.

Na wanke na shanya a bakin taga. Na'ima ta kalla ba ta taɓa ba. Yinin ranar ba ta yi min magana ba. A wurin wasan tana gefen Adiza, ni ina baya da jakunkuna.

Da la'asar ina zaune a benci kusa da wurin ruwa, Baban Na'ima ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, yana kallon wani gefe.

"Inna, ta gaya min abin da ya faru. Ki yi haƙuri, yarinta ce."

"Ba ta yi ƙarya ba."

"Hotunan suna wurina. Yaya ya kawo min tun lokacin. Na sa an ɗauke su a waya. Ban nuna mata ba, sai da izininki."

"'Yarka ce."

"Ke kika raine ta."

Na ce ya nuna mata. Ya kira ta. Ta zauna a ɗaya gefen bencin, ya miƙa mata wayar. Ta daɗe tana ja da yatsa. Yara suna ta ihu a cikin ruwa a gabanmu. Can ta matso, ta sa min wayar a gaba. Zainabu ce ranar kamu, da lalle har gwiwar hannu, tana dariya haƙorinta na gefe mai karaya a waje. Shekara tara ban ga fuskar nan ba. Na duba na ce, "Ita ce." Na tashi na je na sake alwala, ko da yake tawa ba ta karye ba.

Rana ta uku na ajiye jakunkuna a gaban Adiza. Na ce wa Na'ima, "Wanne ne Innalillahi?"

Ta kalle ni. "Ba za ki iya ba."

"Na tambaye ki iyawa?"

Na lura tun ranar farko akwai inda ake ɗaukar mutane hoto suna kan jirgin ba su sani ba, in sun sauko a nuna musu a allo. Shi nake so. Muka bi layi. Wani saurayi ya sauko min da ƙarfe a kafaɗa ya danna. Jirgin ya fara hawa a hankali yana ƙas-ƙas-ƙas, har na hango rufin masauki. Na'ima ta ce, "Inna, ki riƙe ɗankwali." Ban gama ji ba aka sake mu.

Ba zan iya ba da labarin tsakiya ba. Na yi kalmar shahada, na kira sunan uwata da ta rasu shekara talatin. Da aka tsaya mutum biyu ne suka sauko da ni. Ɗankwalin kuwa har yau yana Gana.

A allon ga ni baki a buɗe, furfura a tsaye, na ƙanƙame wuyan yarinyar kamar zan shaƙe ta. Ita tana dariya. Baban Na'ima ya juya baya don kada in ga yana dariyar surukarsa, kafaɗunsa suna rawa. Aka wanko hoton, na miƙa mata.

"Ga shi. Wannan kada ki ajiye a ƙasa."

Ta ce, "Maki nawa kika ba shi?"

"Ko ɗaya."

Ta manna shi a shafin farko, takardun nan biyar a bayansa da tabon miyarsu. Ta ci gaba da yi min magana. Sauran yinin ta sa mai kayan zomo ya rubuta mata suna, ta sa mai gyaran ɗaki ta rubuta gaisuwa, ta zana wata alewa mai kama da auduga.

Mun koma Nima muka ƙara kwana huɗu. Na ga makarantar da yake nufi, Adiza ta kai mu. Na ga ɗakin da aka gyara, da gado da tebur. Na ga kullum da yamma Na'ima tana karɓar wayar uban ta shiga ɗakin ta rufe ƙofa.

Ana jibi zan tafi, bayan la'asar, ya tara mu a tsakar gida. Ya kawo wani dattijo kawun Adiza don ya yi magana a madadinsa. Dattijon ya yi addu'a, ya yaba min riƙon da na yi, ya daɗe. Sannan ya ce uban ba zai tilasta ba, yarinya ta faɗi inda take so.

Na'ima ta sunkuyar da kai. Aka jira. Ta ɗago ta kalli ubanta, ta kalle ni, ta mayar da kai. Na san yarinyar nan tun tana shan koko a cokali. In ba ta son abu, kafin ka rufe baki ta faɗa. Shirun nan nata amsa ce, kunyata ce ta hana ta fita.

Na ce, "Ta zauna."

Ta ɗago da sauri. "Inna, wa zai kai miki niƙa?"

"Kafin a haife ki wa yake kai min?"

"Wa zai karanta miki saƙo a waya?"

"Malama tana nan."

"In ƙafarki ta tashi fa?"

"Ƙafata ce. Ki zauna ki yi karatu. Ki gaida matar babanki da safe, kada ki sa ta ce ban koya miki komai ba."

Adiza ta fara kuka, ban san dalili ba. Uban ya ce, "Inna, Allah ya saka." Na ce amin, na tashi na shiga haɗa jakata. Ba ta ɗauki lokaci ba.

A tasha Na'ima ta riƙe bakin mayafina har direba ya tayar da mota. Ta tura min ledar nan mai zif ta taga, babu komai a ciki.

"Littafin bai cika ba. Babu na komawa. Duk takardar da aka ba ki daga nan har Kaduna, ki sa a ciki."

"Ni ban san wacce ce wacce ba."

"Ki sa duka."

Hanyar dawowa ita ce ta zuwa, ba sai na maimaita ba. Iyaka uku, Legas, Lokoja, Mando. Babu mai yi min tafinta, sai na riƙa miƙa fasfo ina yin shiru, kuma aka bar ni na wuce. Duk wanda ya ba ni takarda na karɓa. A Lome na miƙa wa wata mai sayar da lemo bayan tikiti da biro, na nuna mata da hannu. Ta rubuta wani abu mai tsawo. Ban san ko gaisuwa ce ko zagi ba.

Waɗanda ke tambayar yarinyar, tana lafiya. Tana kira ranar Juma'a. Ta fara yanke Hausarta irin tasu, na ce ta daina. An ce za ta zo dogon hutu, ban sa rai ba, ban kuma cire ba. Niƙa da kaina nake kaiwa.

Ledar ta cika tun a Legas, na juye a gwangwanin madara, yana kan kabad inda tsintsiya ba ta kaiwa. Jiya Malama ta zazzage ta jera min su bi da bi. Ta ɗaga wata ja tana dariya har da hawaye.

"Gwaggo, wannan ai tallar maganin basir ce."

Na ce, "A ina aka ba ni?"

Ta duba. "Lokoja."

"To sa ta a wurin Lokoja."